Sunan da Aka Binne a Bekwai

Masu karatu, yau ku yi haƙuri da ni, ba gaisuwa mai tsawo. Waɗanda suka saba ce mini na cika tone-tone, ku gyara zama, kun yi gaskiya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Adwoa Birago, shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a wani shagon buga takardu a Asafo, cikin Kumasi, kuma aikina ɗaya ne: littafin jana'iza. Mutum ya mutu, danginsa su zo mini da hotuna a leda da labari rabi da rabi, ni in haɗa tarihinsa, in jera 'ya'ya da jikoki, in sa hoton da ya fi kyau a bango. Shekara biyar ke nan ina yi, har na san dabarun abin. Ina fara wa da tsohuwar da ta fi kowa tsufa a gidan, in kunna mata waya ta ɗauki murya, in bar ta ta yi ta zuba ba na katse ta. Ba na tambayar mutum biyu a wuri ɗaya, don ƙarami bakin babba yake bi. Kowane hoto sai na juya bayansa. Kowace ranar haihuwa kuma sai na duba ta a kalanda, saboda mutum zai iya rage wa kansa shekara uku, amma ba zai iya sauya ranar da sunansa ya ɗauko ba. In aka ce mini Kwame ne, sunan wanda aka haifa ranar Asabar, kalanda kuma ta nuna Talata, na san akwai wanda ya yi kuskure ko ya yi ƙarya.

Gidajen mutane nake yi wa haka. Ban taɓa yi wa namu ba, sai da kakata Nana Achiaa ta rasu.

Shekararta tamanin da huɗu. Wata biyu ke nan tana mutuware, an sa ranar jana'iza Asabar ta ukun wannan watan. A taron dangi a garinmu Bekwai, ana maganar rumfuna da kujeru da zanen da za a yi anko, baƙi da fari tunda ta tsufa, sai aka juyo kaina.

“Littafi na Birago ne,” in ji wata gwaggo. “Ai ba ma kai kuɗinmu waje ba muna da mai yi a gida.”

Wofa Gyasi, wato kawuna, yayan mahaifiyata kuma babban gidanmu, ya gyara zanensa a kafaɗa. Mutum ne mai yawan raha, amma ranar bai yi dariya ba.

“Shafi huɗu ya isa,” ya ce. “Hoto, addu'a, sunayen 'ya'ya, shi ke nan.”

“Haba Wofa, mai sayar da gawayi ma shafi ashirin nake yi mata. Nana ce fa.”

“Na ce huɗu.”

Aka yi dariya, aka ce rowa ce ta tsufa. Ni ma na yi dariya. A raina na ce, ka gani a ranar, shafi talatin zan yi, da hoto mai kala.

Ga kuma maganar Amankwaa. Shekara biyu muna tare. Ma'aikacin awon filaye ne, dogo, baƙi, mai wushirya, kullum takalminsa da jar ƙasa. An tsayar cewa sati biyu bayan jana'iza danginsa za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aurena, da kwalabensu na giya kamar yadda al'ada take. Mamata har ta ware zanen da za ta ɗaura. Abin da ya rage kawai binciken da dangin miji ke yi, wanda kowa ya san ana yi amma ba mai faɗa. Nasu yana hannun Anti Pokuaa, yayar mahaifiyarsa, tsohuwar shugabar makaranta. Sau ɗaya na taɓa ganinta. Ta kalle ni ta saman tabarau mai sarƙar zinare, ta tambaye ni dangin uwata da garinmu, ta ce “To,” ba ta ƙara ba.

Ranar Laraba ina cikin trotro, motar haya, zuwa Bekwai saƙonsa ya shigo.

“Madam Jana'iza, kin isa?”

“Saura kaɗan. Wata ta ɗora mini kwandon kifi a ƙafa.”

“Ki zo da warin, ina so. Anti fa ta fara yawonta. Jiya ta ce mini gidanku ba mahaukaci, ba ɓarawo, ba mai kuturta. Na ce akwai mai taurin kai ɗaya.”

“Ka gaya mata a gidanku ma akwai mai munshari.”

“Wa ya gaya miki?”

“Ƙanwarka.”

Na sauka ina murmushi.

Ɗakin Nana yana nan yadda ta bar shi: gadon ƙarfe, kalandar coci ta shekara uku da suka wuce, kwalbar man zafi a taga. Na jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado. Ƙamshin kafur ya buge ni. Zannuwa a ninke, wasu ko ɗinki ba a yi musu ba, duwatsun wuya a cikin gwangwanin madara, katin coci, takardar gonar koko a naɗe cikin leda. A can ƙasa, cikin wani ɗankwali, hotuna.

Na baje su a kan gado ina ɗauka da waya ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Nana ranar aurenta. Nana da kakana a gaban wata mota da ba tasu ba. Wofa Gyasi da gajeren wandon makaranta, kunnuwa kamar faifai. Sai wani da ban taɓa gani ba.

Mata biyu a kan benci, a gaban labulen mai hoto. Ta hagu Nana ce, da ƙuruciyarta. Ta dama wata doguwa ce da goggoro, da tsagu uku-uku a kumatu. Kowacce da jaririya a cinya, an sa musu riga iri ɗaya. Kafaɗunsu a haɗe, kamar 'yan uwa. Na juya bayan. Hatimin mai hoto ya kusa gogewa, amma rubutun fensir yana nan: Achiaa da Alake, Nuwamba 1969.

Na fito tsakar gida da shi. Mamata, Afua Dufie, tana zaune a gaban turmi tana juya fufu, wata maƙwabciya na daka mata. Ta ɗaura baƙin zane a ƙirji, gumi na bin wuyanta.

“Maa, wace ce Alake?”

Ta leƙa hoton, hannunta bai bar turmi ba.

“Oho. Cikin 'yan Alata ɗin nan ne, baƙi 'yan wata ƙasa, da suka zauna haya a ɗakin bakin ƙofa, kafin a kore su. Kwanuka take sayarwa, in ji Nana.”

“Wace ce ke a cikin jariran?”

“Ta cinyar uwata mana. Ji wata tambaya.” Ta sake leƙawa, ta yi dariya. “Kai, ashe mummuna ce ni. 'Yar matar nan ta fi ni kyau.”

Maƙwabciyar ta ce, “Har yanzu ma ba ki gyaru ba,” suka kwashe da dariya.

Ni ban yi dariya sosai ba. Na koma ɗaki na buɗe hoton a waya, na ja shi ya girma. Jaririyar cinyar Nana ramammiya ce, idonta a lumshe. Ta cinyar Alake ɓul-ɓul, ta buɗe ido tana kallon mai hoto, da faffaɗan goshi. Na ɗaga kai na hango mamata ta taga, ta sunkuya kan turmi, ɗankwalinta ya zame baya.

Na ce wa kaina, Birago, jarirai duk kama suke. Na rufe wayar.

Washegari da hantsi na tafi cocinmu. Dokata ce, ba na buga ranar haihuwa sai na gan ta a rubuce a wuri biyu. Katin shaidar mamata ya ce uku ga Oktoba 1969, na duba kalanda, Juma'a ce, ta dace da Afua, sunan 'yar Juma'a. Saura littafin baftisma.

Opanin Sarpong, tsohon katikis ɗinmu mai koyar da addini a coci, shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiya. Ya fi shekara saba'in, yana tafiya yana jan ƙafa ɗaya.

“Jikar Achiaa,” ya ce. “Ke ce mai sa matattu su yi kyau a takarda? In nawa ya zo ki cire mini wannan tumbin.”

“Opanin, sai dai in ƙara maka gashi.”

Ya buɗe kabad. Littattafan suna jere, bangonsu ya yi baƙi, gara ta ci gefen wasu. Ya ce in wanke hannu in shanya, kada in lashi yatsa in buɗe shafi, kada in ɗora waya a kan takarda. Na zauna a bencin bakin taga na buɗe na 1969.

Ban sha wahala ba. Ga shi da tawada shuɗiya: Afua Dufie, 'yar Achiaa da Kwabena Ofori, an haife ta uku ga Oktoba, an yi mata baftisma ashirin da shida ga wata. Na sauke ajiyar zuciya. Na ɗauki hoto. Har na ji kunyar abin da ya ɗarsu a raina jiya.

Da na tashi a nan, da yanzu ina gaya muku kalar leshin da zan sa. Amma akwai wata ɗabi'a da aiki ya koya mini. Iyalai suna manta yaran da suka mutu da ƙuruciya, sai an buga littafi wata tsohuwa ta tashi a tsakiyar taro ta ce ina wane, an share shi. Saboda haka kullum ina duba littafin binnewa.

“Opanin, a ba ni na waɗanda suka rasu, daga sittin zuwa saba'in da biyar.”

Bai motsa nan da nan ba. Ya tsaya yana kallona, makullai a hannunsa.

“Wannan ma?”

“Eh. Ko Nana ta taɓa rasa ɗa.”

Ya ɗauko. Na lura ba a ƙasan tari yake ba, a sama yake, kuma ba ƙura a bangonsa.

Na bi shekarun da yatsa ba tare da na taɓa takardar ba. Sittin da bakwai. Sittin da takwas. Yara da yawa, ƙyanda, zazzaɓi, gudawa. Sittin da tara. Nuwamba.

Afua Dufie, 'yar Achiaa da Kwabena Ofori. Sati bakwai. Zazzaɓi. An binne ta ashirin da huɗu ga Nuwamba.

Na karanta sau uku. Tawada iri ɗaya, hannu iri ɗaya da wanda ya rubuta baftismar. A waje 'yan ƙungiyar mata suna gwajin waƙar da za su yi wa Nana, suna ta maimaita layi ɗaya.

Matar da aka rubuta an binne a nan, na bar ta a gida da safe tana yi mini faɗa don ban ci ampesi, dafaffiyar doyar da ta yi mini, ba.

“Wataƙila kuskure ne,” na ce.

“Wataƙila,” in ji Opanin. Ya zauna a ɗaya gefen bencin, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. “Ni a saba'in da takwas na zo garin nan. Abin da na tarar a rubuce shi nake tsaro, ban san komai bayan haka ba, kuma ba na son in sani.” Ya juya makullan a hannunsa. “Amma tunda jikar Achiaa ce ke, zan gaya miki. Ba ke ce kika fara neman littafin nan ba a watan nan.”

“Wa ya nema?”

“Wata mata daga Kumasi, ranar Litinin. Ta ce tarihin coci take rubutawa. Ba ta yi kama da mai rubuta tarihin coci ba, don shafi biyu kawai ta buɗe.”

“Tana da tabarau?”

“Mai sarƙa.”

“Ta ɗauki hoto?”

Ya gyaɗa kai.

Ban san yadda na fito ba. Na dai tsinci kaina a bakin titi, rana na dukana, mai sayar da kwakwa yana tambayata ko lafiya. Na ciro waya. Amankwaa ya turo hoton wani fili da ya auna, ya rubuta, “Nan ɗakin girkinki zai zauna.” Na kalli saƙon, na mayar da wayar jaka.

Gonar Wofa Gyasi tana bayan gari, tafiyar minti ashirin. Na same shi a gaban bukkarsa, yana baza 'ya'yan koko a kan tabarmar shanya, da tsohuwar singileti da takalmin roba. Da ya hango ni da takalmin ofis a cikin gona, ya daina abin da yake yi.

Ban gaishe shi ba, Allah ya yafe mini. Na miƙa masa wayar.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya goge hannunsa a wando, ya zauna a kan kututture.

“Shafi huɗu na ce miki.”

“Wofa, wace ce mamata?”

“Ƙanwata ce.”

“Wa aka binne?”

Ya kalli hanya, ya kalli bayan bukka, ko da yake ba kowa sai kaji.

“Zauna. Kuma ki kashe abin ɗaukar muryar nan naki, na san halinki.”

Na kashe a gabansa. Na zauna a kan buhu.

“Shekarata goma,” ya ce. “Alake da mijinta suna ɗakin bakin ƙofa. Ita da Maame, uwarmu, kamar 'yan uwa suke, tukunya ɗaya, sati ɗaya tsakanin haihuwarsu. Sai gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa, sati biyu aka ba su. Kin san labarin, an koya muku a makaranta. Abin da ba a koya muku ba shi ne yadda tashar mota ta koma. Mutane a kan kayansu kwana da kwanaki, ana sayar da keken ɗinki kuɗin burodi. Labari yana dawowa cewa jarirai suna mutuwa a bayan manyan motoci kafin a kai iyaka.”

Ya ɗebi 'ya'yan koko a hannu yana murzawa.

“Ana cikin haka tamu ta mutu. Tun haihuwa ba ta da ƙwari. Ranar Lahadi ta cika, Litinin aka binne ta, mutum biyar ne a wurin, ni na riƙe fitilar coci. Babanmu yana can gonar yamma, wata uku bai zo ba, bai ma taɓa ganin yarinyar ba. Maame ta dawo gida nono na zuba har yana jiƙa mata zane. Kwana biyu bayan haka, da asuba, Alake ta shigo ɗakinmu da goyo. Ina kwance a tabarma, sun ɗauka barci nake. Ta kwance goyon ta ɗora wa Maame a cinya. Ta ce, riƙe mini ita, in hanya ta yi sauƙi zan dawo. Ba a riga an yi wa yarinyar tsaga ba, fuskarta sumul. Maame ta sa ta a nono, ta kama.”

“Mutanen gari fa? Ba wanda ya lura?”

“Waɗanda suka lura sun yi shiru. Kin san ba a tona asalin mutum a ƙasar nan. Kuma a lokacin in aka ji kana ɓoye ɗan baƙo, kai ma ka shiga uku. Maame ta ɗauke mu muka tafi gonar yamma wurin Baba, muka shekara biyu. Da muka dawo, Afua ce kawai, 'yar Achiaa. Waɗanda suka je binnewar duk sun mutu, saura ni.”

“Ba ta dawo ba? Alake?”

Nan ne ya sunkuyar da kai. Na taɓa ganin Wofa yana kuka sau ɗaya, ranar da Nana ta cika. Wannan ba kuka ba ne, ya fi kuka muni.

“Wasiƙa ta zo. Bayan shekara biyar, daga wani gari Ogbomoso. Maame ba ta karatu, ni na karanta mata. Matar ta ce ta sami wuri, ta kama sana'a, mijin ya mutu a hanya, ba ta sake haihuwa ba. Ta ce za ta zo ta ɗauki Abeni.” Ya kalli kokon da ke hannunsa. “Sunanta ke nan, Abeni. A lokacin Dufie tana tsakar gida tana wasa da gwangwani, tana kiran Maame. Maame ta kalle ta, ta kalle ta, sannan ta ce in ɗauko biro.”

“Me ka rubuta?”

“Abin da aka ce in rubuta.”

“Wofa.”

“Na rubuta cewa yarinyar ta mutu da zazzaɓi. Na sa ranar da aka binne tamu.” Ya watsar da kokon da ke hannunsa. “Shekarata sha biyar. Ni na kai gidan waya da ƙafata. Ba ta sake rubutowa ba.”

Kaza ta hau tabarmar shanya, ba wanda ya kore ta.

“Maa ta sani?”

“Ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba. Ki saurare ni da kyau, Birago. Jinin uwa shi ne dangi, ba sai na koya miki ba. In maganar nan ta fita, uwarki ba ta da dangi a ƙasar nan. Ke ma ba ki da shi, 'ya'yan da za ki haifa ma haka. 'Ya'yan ƙanwar Maame sun daɗe suna hararar ɗakin nan da gonar nan. Shekara shida Dufie tana kwashe kashin tsohuwar nan, ba wanda ya leƙo, amma ranar da suka ji, ko tabarmar makoki ba za su bar ta ta zauna a kai ba. In ta mutu, sai an yi shawarar inda za a binne ta. Ki goge hoton nan. Ki buga shafi huɗu. Ki yi aurenki.”

“Ba ni kaɗai ke da hoton ba.”

Ya ɗago.

Na gaya masa maganar mata mai tabarau. Ina kallo fuskarsa ta sauya, kamar an zare masa jini. Ya tashi, ya koma ya zauna.

“Yaron ya sani?”

“Ban sani ba.”

Kamar yana jinmu, wayata ta yi ƙara. Amankwaa.

“Kina ina? Na kira sau biyu.”

Kafin in amsa wani ya shigo.

“Anti ta kira mahaifiyata da safe, sun daɗe a ɗaki. Da suka fito Mama ta ce a dakata da maganar kwalabe tukuna. Na tambayi dalili, ta ce ba maganar yara ba ce. Birago, akwai abin da ya kamata in sani?”

Na rubuta “Babu,” na goge. Na rubuta “Zan kira ka,” na goge. Wannan mutumin bai taɓa ɓoye mini ko ciwon kai ba. Ina riƙe da wayar na uku ya shigo.

“Direbanta ya ce Bekwai ya kai ta. Wai za ta yi wa mamanki gaisuwa. Tun ƙarfe ɗaya suka tafi.”

Na duba agogo. Uku saura kwata.

Na cire takalmina na riƙe a hannu. Wofa yana kirana a baya, yana cewa in jira shi ya sa riga, ban tsaya ba. Na bi ta cikin gonakin mutane, ƙaya na kama mini siket, na faɗi sau ɗaya a bakin rafi na tashi. Duk hanyar abu ɗaya nake roƙo, Allah ya sa Maa ta tafi kasuwa.

Farar mota tana ƙofar gidanmu, direba na barci a ciki.

Na tsaya a zaure na sa takalmi, na kakkaɓe siket, na goge fuska da bayan hannu. Sannan na shiga.

Suna baranda. Mamata ta sauya zane, ta ɗaura sabon baƙi mai ɗigon fari, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Fuskarta fal murna, surukai sun zo gaisuwa tun kafin ranar. Anti Pokuaa tana kan kujerar Nana, cikin baƙin leshi, jaka a cinya, ruwan da aka ba ta ko kurɓa ba ta yi ba.

“Ga ta nan,” in ji Maa. “Ke kuma daga ina haka kamar an koro ki? Zo ki gaida Antinki.”

Na durƙusa na gaishe ta. Ta kalli ƙafafuna da laka, ta kalli ƙaiƙayin koko da ya maƙale a gefen siket ɗina, sannan ta kalli idona. Na san ta gane inda na fito.

“Tashi, 'yata,” ta ce. Muryarta a kwance, ba faɗa a ciki. “Gara da kika zo. Maame Dufie, ni ba mai yawo da maganar mutane ba ce. Shi ya sa ban aiko kowa ba, ban kuma bari a yi wannan a gaban maza ranar ƙwanƙwasa ƙofa ba. Na zo ni kaɗai, mace da mace. Akwai abin da na gani, ina so ki fassara mini shi, don 'ya'yan ɗana a danginki za su tashi.”

“To,” in ji Maa, murmushinta ya ɗan rage. “Allah ya sa lafiya.”

Anti ta buɗe jaka, ta ciro waya, ta lalubo hoton, ta miƙa mata da hannu biyu.

Maa ta karɓa. Ta kawo ta kusa da fuska, ta nisanta ta, ta ƙanƙance ido. Ta yi 'yar dariyar kunya.

“Rubutun mutanen da. Ni ko na yanzu sai da tabarau, kuma na bar shi a coci tun Lahadi.” Ta juyo ta miƙo mini. “Birago, ke ce mai aikin takardu. Karanta mini.”

Na karɓa. Shafin nan ne, tawada shuɗiya, layi na huɗu daga ƙasa. A bakin zaure na ji takun Wofa Gyasi, da hakinsa, ya tsaya bai shigo ba.

“Maa, bari Anti ta huta tukuna, ta sha ruwa...”

“Ki karanta yadda yake,” in ji Anti Pokuaa a hankali. “Ai kin riga kin gan shi da safe.”

Mamata ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Ta dubi yayanta a bakin zaure, da riga a birkice. Ta ajiye kofin da ke hannunta a ƙasa, a hankali, don kada ya fashe.

“Adwoa,” ta ce. Ba ta kirana da wannan sunan sai magana ta kai magana. “Me aka rubuta a kaina?”